Gyaran da Aka Gani

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

Wata mata ce ake kira Mai Allura. Tana da ɗan shago a ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai gyaran agogo da wani mai wanki da guga. Ba tela ba ce irin wadda za ka kai wa yadi ta yanka maka riga. Keken ɗinkin da ke kusurwar shagon ma an fi ɗora masa kofin shayi a kan a taka shi. Ita aikinta gyara. In asu ya ci maka kwat, ko dutsen guga ya lashi hannun riga, ko ƙusa ta kama wando ta yaga, sai ka kawo mata. Za ta juya tufar, ta je can cikin kalmasa inda ido ba ya kaiwa, ta zaro zare daga jikin yadin kansa, sili ɗaya bayan ɗaya, ta saƙe ramin da shi tsaye da kwance, yadda aka saƙa shi tun farko.

In ka dawo karɓa, ba ta nuna maka wurin. Sai ta miƙo maka ta ce ka nemo. Ta harɗe hannuwa tana kallonka kana juya riga, kana ɗagawa a haske, kana shafawa da yatsa, har ka gaji ka yi dariya ka sa hannu a aljihu. Shekara talatin da 'yan kai ba a samu wanda ya nemo ba.

Mijinta tsohon direban bas ne, ya ajiye aiki amma sunan ya ƙi ajiyuwa, kowa Direba yake ce masa. Mutum ne mai faɗin kafaɗa da kaurin yatsu, ba shi da yawan magana sai tsokana. 'Ya'yansu sun watse inda aiki da aure suka kai su, saura Auta da ke aure a unguwar da ke gaba, tana koyarwa a makarantar ƙananan yara, tana leƙo su duk bayan kwana biyu.

To, akwai kuma wani a gidan wanda ba a haifa ba. Tun Mai Allura tana sabuwar hannu, ba ta da shago, tebur take rakuɓawa a bakin shagunan mutane. Sau uku ana tashinta, na ukun ma tana tsakiyar aiki aka fitar mata da tebur waje. Ranar ta ƙudura a ranta sai ta mallaki wurin da ba wanda zai ce mata matsa, wuri mai taga, ta zauna ta yi aikinta har tsufa. Daga nan ta fara ajiya. Duk ƙarshen wata sai ta yafa mayafi ta tafi banki ta zuba abin da ya samu, komai ƙanƙantarsa. Da yake ajiyar ta girmi Auta, sai Direba ya raɗa mata suna Babban Yaya. Yakan ce duk cikin 'ya'yansu shi kaɗai ne ba a taɓa aika ba, ko gishiri bai taɓa sayowa ba, sai ci da kwanciya. In Auta za ta tafi gida takan ce a gaida mata Yaya in an je dubiya.

Sau biyu mai benen yana yi mata tayin shagon. Na farko kuɗin bai kai ba, wannan gaskiya ne. Na biyu ya kai har da 'yar rara. Ta je banki, ta cika takarda, ta bi layi. Da layi ya zo kanta, ma'aikaciyar ta miƙo hannu, sai ta ninke takardar ta sa a jaka ta ce ta yi mantuwa. Da ta dawo gida ta ce ai bangon baya na shagon yana tsatsar da ruwa, ba za ta sayi wahala da kuɗinta ba. Direba ya san bangon nan, a bushe yake ƙayau, amma ya ƙyale ta. Daga ranar ajiyar ta tashi daga ta shago, ba ta kuma zama ta wani abu ba. In an tambaya sai ta ce ta ranar buƙata ce. Aka ci gaba da biyan haya, aka ci gaba da zuwa banki.

Ana nan sai idanu suka fara. Da fari ƙwan lantarki ta ɗora wa laifi, ta sa aka canja shi har sau uku. Daga nan ta koma kan masu ƙera allura, ta ce 'yan zamani sun rage kafar allura don rowar ƙarfe. Sai ya zamana in ta juya kalmasa ba ta iya rarrabe silin zare da ɗan'uwansa, duk sun haɗe sun zama abu guda. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta shiga sayen zaren kanti mai kama da yadi tana aiki da shi. Hannun ya san hanya, yatsunta suna jin saƙa kamar yadda harshe ke jin tsakuwa a shinkafa, don haka aikin bai faɗi ba tukuna. Tufafi masu laushi da masu haske ta daina karɓa, ta ce aiki ya yi mata yawa.

Wata rana Direba ya kawo mata abincin rana, ya tsaya a bakin ƙofa ba ta ji zuwansa ba. Ya tarar tana ta kai zare bakin allura yana wucewa ta gefe. Ta lasa, ta murza, ta sake kaiwa, ya sake wucewa. Ya tsaya har abincin ya fara hucewa a hannunsa, sannan ya ja da baya ya yi gyaran murya kamar yanzu ya iso. Washegari da safe, bayan sun sha shayi, ya ce zaman banza ya ishe shi, ta koya masa zura zare ko ya samu abin yi. Ta dube shi, ta gane, shi ma ya gane ta gane. Ta tashi ta ɗauko akwatin zare.

Haka suka tsiri wata hanya tasu su biyu. Ta ɗinka ɗan matashi mai tsawon tafin hannu biyu. Kullum da sassafe, kafin rana ta shigo ɗakin, Direba zai zauna ƙarƙashin ƙwan lantarki da tabaransa a kan hanci, ya zura allura goma sha biyu, ya soke su a jere. Daga hagu baƙi guda huɗu, don shi aka fi nema, sai ruwan toka, sai ruwan ƙasa, sai shuɗi, fari a ƙarshe. Ita kuma ta sa matashin a jaka ta tafi shago, ta ajiye a cikin aljihun tebur inda mai kawo aiki ba zai gani ba. In tana son baƙi, hannu kawai za ta kai hagu. Yatsun da suka yi shekara arba'in suna murza sitiyari sun sha sukar allura kafin su saba. Yakan ce ya shigar da bas lungun da ya fi wannan faɗi da kyar, ga shi yau an ce ya shigar da zare inda ko iska ba ta wucewa.

Auta ce ta tona su. Ta zo da safe ba zato, ta ga ubanta da matashi a cinya. Ba ta yi gardama da kowa ba, ta ɗauki hutun kwana ɗaya a makaranta ta tasa uwar a gaba zuwa asibitin ido.

Likitar mace ce mai sanyin murya. Ta haska, ta ɗiga magani, ta sake haskawa, ta ce yanar ido ce a duka biyun. Ta dama da sauran lokaci. Ta hagu kuwa ta nuna har ta wuce, ta kumbura ta fara matse cikin idon, in aka bar ta za ta taɓa jijiya, jijiya kuma in ta mutu ba a tashinta. Ta ce akwai layin masu jiran aikin kyauta, amma yana da tsawo, a kan shekara ana jira. In mutum zai biya, cikin mako biyu an yi.

Mai Allura ta tambayi kuɗin. Da aka faɗa, ta ji kamar an zare mata kujera. Ido biyun za su cinye fiye da rabin Babban Yaya. Ta ce a rubuta sunanta a layin kyauta.

Likitar ta ajiye biro. "Mama, zan rubuta. Amma na hagun nan ba zai jira shekara ba. In ya ba mu wata uku, ya yi mana kirki."

Ta ce ta ji, a dai rubuta.

A hanya Auta ta yi magana har bakinta ya bushe. Uwar ta ce likitoci haka suke, sai sun tsorata mutum suke jin sun yi aiki. Ta ce wanda ya ga za a ba shi abu kyauta ya je ya saya, ai ba shi da hankali. Ta ce in ta taɓa ajiyar nan yau, gobe wani abu ya taso fa? Auta ta ce wane abu ne zai taso da ya fi ido. Ta ce yarinya ce ita, ba ta san duniya ba. Da suka iso gida Auta ta kai ƙara wurin uban, shi kuwa ya ce shekara nawa yana zaune da matar nan, bai taɓa ganin an tura ta ta tafi ba, sai dai in ita ta ga dama. Auta ta ce to shi ma da laifinsa, da bai zura mata allura ba da tuni ta je da ƙafarta. Ya sosa ƙeya. Washegari ya zura goma sha biyunsa kamar kullum.

Wata uku suka wuce, na huɗu ya kama. Gefen kanta na hagu ya fara sara da yamma, in ta dubi fitila sai ta ga zobe kewaye da ita. Tana haɗiyar maganin ciwon kai tana cewa zafin gari ne.

Cikin wannan watan ne wani tsohon mai kawo mata aiki ya zo, hedimastan wata makaranta da ya kusa ajiye aiki. Mutum ne mai tsafta da kunya, ya fi shekara ashirin yana kawo mata kaya, kuma duk zuwa sai ya yi wasan nemo ya faɗi. Ya kawo baƙar kwat mai nauyi, asu ya huda ta a ƙirji, gefen aljihu, rami kamar faɗin farcen babban yatsa. Ya ce ita yake sawa ranar yaye ɗalibai, bana kuma ta ƙarshe ce gare shi. Ta shafa yadin ta ji mai kauri ne, ga shi baƙi, ta ce ya dawo bayan kwana uku.

Abin da ba ta sani ba, baƙin zare ya ƙare a akwati a makon. Direba ya je kanti da kansa don kada ya dame ta, mai kanti ya miƙo masa wani ƙullin ya ce ga mai duhu. Ya kawo gida, ya duba a ƙarƙashin ƙwan lantarki da asuba, ya ga baƙi ne wuluk. Ya zura huɗu ya soke a hagu.

Kwana biyu ta yi a kan ramin nan. Ta saƙa tsaye, ta saƙa kwance, ta bi da yatsa ba ta ji tudu ba, ba ta ji kwari ba. Ita kanta ta san hannunta ya daɗe bai yi aiki mai kyan wannan ba. Da Hedimasta ya dawo, har ta ji tsohon ƙarfin gwiwarta ya motsa, ta miƙa masa ta ce ya nemo, ta harɗe hannuwa. Ya matsa bakin ƙofa inda rana take. Ta hango inuwarsa ya ɗaga kwat ɗin, ya ɗan tsaya, sannan ya shiga juyawa, ya duba baya, ya duba hannu, ya duba wuya, ya daɗe fiye da yadda ya saba. Ya yi dariya ya ce yau ma an kayar da shi. Ya biya, ya yi mata fatan alheri, ya ce bari ya miƙa wa maƙwabcinta ya goge masa.

Washegari da hantsi sai ga Mai Guga ya faɗo shagon da kwat a kafaɗa. Shi mutum ne mai zuciya ɗaya, abin da ke cikinsa shi ke bakinsa, kuma duk layin ba wanda ya kai shi alfahari da aikin Mai Allura.

"Iya, don Allah dubi ɓarnar da wani ya yi wa Hedimasta," in ji shi, yana shimfiɗa kwat ɗin a teburinta. "Baƙar kwat, a bi ta da shuɗin zare. Tun daga bakin titi ake hango shi kamar an manna tambari. Saƙar kam ba laifi, mai hannun ya iya, amma ko makaho ne ya zaɓa masa zaren? Ni in ya zo zan gaya masa, kana da Iya a nan kusa, me ya kai ka wurin 'yan koyo?"

Mai Allura ta ɗora tafin hannu a kan wurin. Ba ta buƙaci a nuna mata ba, yatsunta sun san kowane sili. Ta ɗaga ƙirjin kwat ɗin har ya kusa taɓa hancinta, ta karkata wajen taga, ta rufe idon hagu ta duba da na dama. Baƙi ta gani.

Ta ce masa ya bar ta a nan, za ta duba. Ya ce ai ya san ita ce maganin abin, ya fita yana ta faɗa da mutumin da bai sani ba.

Ta zauna. Shuɗin zaren bai dame ta kamar tsayawar nan da Hedimasta ya yi a bakin ƙofa ba. Ashe ya gani tun ɗagawar farko. Duk juye-juyen nan da dariyar, lallashi ne, irin wanda ake yi wa yaro in ya ɓuya a bayan labule ƙafafunsa a waje. Ita kuma tana tsaye ta harɗe hannuwa. Ta shiga tunanin sauran da suka karɓi kaya a watannin nan suka yi godiya suka tafi, waɗanda ba su sake dawowa ba, da waɗanda suka dawo suna yi mata magana a hankali kamar mara lafiya. Rana ba ta yi tsaka ba ta rufe shago, abin da mai gyaran agogo ya ce bai taɓa gani ba.

Ta tarar da Direba a 'yar barandar gidansu yana gyaran wata tsohuwar fanka. Ta ajiye masa kwat a cinya ta ce ya faɗa mata launin da ya gani. Ya ɗaga a rana, ya cire tabarau, ya mayar. Ya ce to, da asuba dai baƙi ne. Ta hau shi da faɗa. Ta ce shekara talatin tana gina suna ya rushe mata da ƙullin zare ɗaya. Ta ce wa ya aike shi kanti, me direba ya sani game da launi ban da ja da kore na kan titi. Ya bar ta ta zazzage tas. Sannan ya ninke kwat ɗin a hankali ya ajiye a gefe.

"Na yarda, Maman Auta, ni na zura," ya ce. "Minti biyar na yi da zaren nan a hannuna, da asuba, ga tsufa. Ke kwana biyu kika yi da shi, a bakin taga."



Ya ce daga gobe ya ajiye aikin allura, ta nemi wani yaron motar. Ta ce ashe so yake ta rufe shago su zauna suna kallon juna. Ya ce ko kallon junan ma ai shi kaɗai zai riƙa yi. Ya tambaye ta kuɗin nan da take tarawa tun suna da ƙuruciya, na mene ne. Ta ce ya sani, na shago ne. Ya ce an ba ta shago ta ƙi. Ta ce to na ranar buƙata ne.

"To ranar nan wace irin kama gare ta?" ya ce. "Ki kwatanta min, don in na gan ta a hanya in shigo da ita. Ni tsorona kada ta zo ta zauna a ɗakin nan, ta sha shayi da mu, ta tashi ta tafi, ke ba ki gan ta ba."

Ta ce ba ta son iya shege. Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Shi kuma ya koma kan fankarsa, wadda ba ta taɓa gyaruwa ba.

Da safe ta fito ta tarar da matashin a kan tebur, allurai a soke, ba zare ko ɗaya. Ta ɗauki guda ta je bakin taga. Direba yana shan shayi, bai ɗago ba. Ta lasa zare ta kai, ya wuce. Ta yi ta yi har gefen kanta ya fara sarawa. A tsayen nan ta tuna abin da ta roƙa ranar da aka fitar mata da tebur: wuri mai taga, ta zauna ta yi aikinta. Ga taga, ga allura a hannu, ga kuɗi a banki sun ƙoshi. Ta soke allurar a matashi ta ce masa ya kira mata Auta.

Tare suka je bankin. Takardar da ta saba cikawa da kanta, yau layukan sun narke, Auta ce ta cika, ta kama yatsan uwar ta ɗora inda za ta sa hannu. Layi yana matsawa Auta tana riƙe da gefen mayafinta, wai don kada a ture ta, amma dukansu sun san dalili. Da suka iso gaba, Mai Allura ta riƙe takardar ta ɗan jima. Ma'aikaciyar ta miƙo hannu tana jira. Ta tambaya ko in an cire wannan, sauran zai zauna lafiya. Aka ce zai zauna. Ta saki. A hanyar fita ta ce wa Auta ta ji kamar an cire mata haƙori, Auta ta ce ai haƙorin da ba a tauna da shi ne.

Kafin ranar aiki ta aika aka kira Hedimasta. Ya zo yana ta sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Ta mayar masa da kuɗinsa, ta ce ya yi haƙuri ya nemi wata kwat ɗin don taron bana, wannan ya bar mata ita wata biyu. Ya fara cewa ai shi bai ga komai ba. Ta ce, "Malam, ka gani. Na gode, amma kada ka ƙara yi min haka." Ya ce to.

Na hagu aka fara yi, bayan mako uku aka yi na dama. Da aka buɗe na hagun, haske ya shigo amma ta tsakiya kawai, gefe-gefen ya tafi. Likitar ta ce jijiyar ta riga ta taɓu, da an zo da wuri da an tsira da shi duka, abin da ya rage za a riƙe shi da maganin ɗigawa safe da yamma. Ba ta ƙara da cewa ai na faɗa miki ba, Mai Allura kuma ba ta nemi a tausaya mata ba. Ta tambayi sunan maganin da lokutansa.

Na daman kuwa, da aka cire bandeji, sai ga duniya tar. Ta dubi bangon ɗakin, ta dubi hannunta, ta dubi mijinta da ke tsaye a gefen gado riƙe da jakarta. Ta daɗe tana dubansa.

"Malam, yaushe kanka ya yi fari haka?"

"Tun bara waccan," ya ce. "Na ga kina da aiki, ban so in dame ki ba."

Da suka koma gida ta ga labulen falo ya koɗe, ta ga tsagar da ke jikin madubi, ta ga maɓallin rigar Direba da ya ɗinka wa kansa da jan zare. Kwana uku tana yawo a gidan tana gano abubuwa tana mita, har Direba ya ce da ya san haka abin zai zama da ya roƙi likita ta rage kaɗan.

Kwat ɗin Hedimasta ta koma hannunsa bayan wata biyu da 'yan kwanaki, an warware shuɗin an saƙe da zaren kalmasa. Bai sa ta ranar yaye ɗalibai ba, ta aro ya sa, ta ɗan matse shi a kafaɗa. Mai Guga har yau bai san wanda ya yi gyaran farko ba, yana nan yana ba da labarin yadda Iya ta ceto kwat daga hannun 'yan koyo. Mai benen ya sayar da ginin gaba ɗaya bayan shekara biyu, aka mai da ƙasan kantin magani, Mai Allura ta kwaso teburinta ta kafa a barandar gida, masu kaya suka biyo ta can. Ta yi shekara bakwai tana aiki da ido ɗaya da rabi, daga safe zuwa azahar kawai, sannan ta ajiye da kanta lokacin da yatsu suka fara ƙagewa. Abin da ya rage a banki ya tafi a hankali, a magani da gyaran rufin gida da karatun jikoki biyu. Auta ta zama shugabar makarantarsu. Direba ya riga matarsa rasuwa da shekara uku, ita kuma ta koma gidan Auta, a can ta ƙarasa kwanakinta.